CCNA ko Network+: wacce jarrabawa lokacinka zai iya ɗauka a Abuja?

Yawancin masu neman takardar shaidar sadarwar kwamfuta da tambaya ɗaya suke farawa: wacce ta fi daraja a idon masu ɗaukar aiki? Akwai tambayar da ya kamata ta riga ta, wato sa'o'i nawa kake da su a mako, kuma a wane ɓangaren yini suke. Ma'aikacin da ke baro Mararaba ko Nyanya tun gari bai waye ba don ya tsere wa cunkoso, ya dawo gida bayan Isha a gajiye, lissafinsa daban ne da na ɗan hidimar ƙasa da ake sallama da azahar, ko wanda ya gama makaranta yana zaune a Kubwa yana jiran kiran aiki. Kuma da yake da dala ake biyan kuɗin jarrabawar, faɗuwa sau ɗaya tana iya cinye albashin wata guda ko fiye.

Kafin komai, raba lokacinka gida biyu. Akwai lokacin waya: cikin mota a hanyar ofis, layin banki, jiran taro, 'yan mintunan bayan cin abincin rana. Akwai kuma lokacin tebur: kana zaune, kwamfuta a buɗe da caji, ba mai kiranka. Sa'a ɗaya ta tebur tana koyar da abin da sa'o'i uku na waya ba za su koyar ba, amma ita ce mai wahalar samu. Duk zaɓin da ke ƙasa a kan wannan rabon ya tsaya.

Abin da kowacce take nema daga gare ka

CCNA ta kamfanin Cisco ce, lambarta 200-301. An fara ta a wannan fasali a watan Fabrairun 2020, aka sabunta manhajar karatunta zuwa 1.1 a watan Agustan 2024, inda aka shigo da ɗan bayani kan ƙirƙirarriyar basira, aka kuma sa Terraform kusa da Ansible, kayan aikin da ke saita na'urori da yawa a lokaci ɗaya, a ɓangaren sarrafa na'urori ta manhaja. Minti 120 ake bayarwa, kuɗinta dala 300, tana aiki tsawon shekara uku. An kasa ta shida: tushen sadarwa kashi 20 cikin ɗari, haɗa na'urori a cikin gida (abin da ya shafi suwic, wato na'urar da kwamfutocin wuri ɗaya ke haɗuwa a kanta, da sadarwa mara waya) kashi 20, bi da saƙo tsakanin hanyoyi ta rauta, na'urar da ke haɗa hanyar sadarwa ɗaya da wata, kashi 25, hidimomin IP kashi 10, tsaro kashi 15, sarrafawa ta manhaja kashi 10. Cisco ba ta bayyana makin cin jarrabawar. Abin da ya fi muhimmanci ga mai shiri shi ne, idan ka amsa tambaya ka wuce, ba ka da damar komowa kanta. Sannan akwai tambayoyin da za a ba ka na'urori a allo, a ce ka saita su da hannunka.

Network+ ta CompTIA ce, ba ta jingina da kayan wani kamfani ba. Wadda ake yi yanzu ita ce N10-009, ta fito a watan Yunin 2024. Tambayoyi ba sa wuce 90, minti 90, ana cin ta da maki 720 a ma'aunin da ya tashi daga 100 zuwa 900. Kasonta biyar: ma'anoni da ginshiƙan sadarwa kashi 23, aiwatarwa kashi 20, gudanarwa kashi 19, tsaro kashi 14, gano matsala da gyara kashi 24. A nan kana iya yi wa tambaya alama ka dawo mata daga baya. Ita ma shekara uku take yi. Mutane da yawa suna zaton ta fi arha tunda ta fi sauƙi, alhali farashinta na asali ya haura na CCNA.

Ta fuskar karatu, Network+ faɗi gare ta, CCNA kuma zurfi. Network+ za ta tambaye ka menene VLAN (raba suwic ɗaya zuwa hanyoyi daban-daban), me ya sa ake amfani da ita, wace alama ce ke nuna an saita ta ba daidai ba. Za ta so ka san cewa kebul ɗin Cat6 yana kai mita 100 amma a gudun gigabit 10 ba ya wuce kimanin mita 55, ka san lambobin ƙofofi, wato lambobin da ake gane kowace hidima da su, irin su 22 na SSH, 53 na DNS, 67 da 68 na DHCP, 161 na SNMP, 3389 na shiga kwamfuta daga nesa, ka kuma haddace matakai bakwai na gano matsala bi da bi. Kusan duk wannan ana iya koyonsa a lokacin waya. CCNA kuwa za ta ɗora maka sakamakon umarnin show ip route ta ce ka faɗi ta wace ƙofa saƙo zai fita, ko ta ba ka suwic biyu da suka ƙi magana da juna ta ce ka gyara. Wannan sai yatsu sun saba, kuma yatsu ba sa sabawa a cikin motar haya.

A ƙiyasinmu, wanda ya fara daga tushe yana buƙatar wajen sa'o'i 200 kafin ya tunkari CCNA da natsuwa, kuma aƙalla rabinsu su kasance na tebur. Network+ tana iya samuwa da sa'o'i 100 zuwa 120, kashi ɗaya cikin uku kawai na tebur. Wanda ya riga ya yi shekara yana jan kebul da saita rauta a ofis zai rage wani abu daga waɗannan, amma kada ya rage da yawa, domin aikin yau da kullum ba ya taɓa OSPF (ƙa'idar da rauta ke sanar da juna hanyoyi da ita) ko IPv6 (sabon tsarin adireshi) sai nadiran.

Ga hukuncinmu. Idan kana iya samun sa'o'i shida na tebur a kowane mako, kuma burinka aikin injiniyan sadarwa ne a banki, kamfanin waya, kamfanin raba intanet ko hukumar gwamnati, tafi CCNA kai tsaye. Tallace-tallacen aikin sadarwa a Najeriya sun fi ambatonta, kuma makonni ukun farko na karatunta suna ɗauke da mafi yawan tushen da Network+ za ta ba ka. Biyan kuɗin jarrabawa biyu don kawai a ce an bi tsani asara ce ga mai ƙaramin ƙarfi. Idan kuwa lokacin teburinka bai kai sa'o'i uku a mako ba, ko ba ka da kwamfutar kanka, ko kuma hanyar tsaron intanet ko tallafin masu amfani da kwamfuta kake son bi, Network+ ta fi dacewa da kai, kuma ba abin kunya ba ne. Gara takardar da aka kammala a wata huɗu da wadda aka shekara biyu ana cewa ana shirinta.

Akwai wasu biyu da suka cancanci ambato a taƙaice. MTCNA ta MikroTik tana da amfani ga mai son aiki da ƙananan masu raba intanet a unguwanni da otal-otal, inda kayan MikroTik suka yi yawa. Sai dai dole ka halarci horo na 'yan kwanaki wajen malamin da kamfanin ya amince da shi kafin ka zauna mata. HCIA-Datacom ta Huawei kuma tana kusa da CCNA a abin da take koyarwa, ga wanda ya san kayan Huawei zai riƙa taɓawa. Wanda ya fahimci CCNA ba zai sha wahalar ko ɗaya daga cikinsu ba.

Sa'o'i 200 ta hanyoyi uku

A ɗauka ka zaɓi CCNA. Ana iya tara sa'o'in nan ta hanya uku, kuma duk da jimillar kusan ɗaya ce, abin da ke zama a kai ya bambanta ƙwarai.

Hanya ta farko ita ce kullum kaɗan: minti 90 a kowace ranar aiki, da sa'o'i huɗu ranar Asabar. Wannan sa'o'i 11 da rabi ke nan a mako, cikin mako 18 ka sami 207. Ta biyu ita ce ƙarshen mako kawai: sa'o'i huɗu Asabar, huɗu Lahadi, mako 26, jimilla 208. Ta uku ita ce zaman dirshan ga wanda ba ya zuwa aiki: sa'o'i biyar a rana, kwana shida a mako, mako bakwai, jimilla 210.

Ta ƙarshen mako ita ce mafi jan hankalin ma'aikata, kuma ita ce mafi rauni. Tsakanin Lahadi da Asabar kwana biyar ne ba ka taɓa umarni ko ɗaya ba, don haka sa'ar farko ta kowace Asabar tana tafiya wajen tuno abin da aka yi wancan makon. A wata shida, abin da ka karanta a watan farko ya dushe kafin ka kai ƙarshe. Ga kuma gaskiyar rayuwarmu: ɗaurin aure, suna, ta'aziyya, tafiya gida Kano ko Zariya, duk a ƙarshen mako suke faɗowa. Asabar ɗaya ta kuɓuce, rabin karatun mako ya tafi. Idan dole wannan hanya za ka bi, ka ɗaure ta da minti 20 na waya kowace rana, na bitar katunan tambaya da lissafin adireshi, don kada igiyar ta tsinke.

Zaman dirshan yana da kyau ga wanda ke da tushe, ko wanda ya sami hutun aiki. Matsalarsa ita ce kai yana cika. Bayan sa'o'i uku na sabon abu, na huɗu da na biyar kallo ne kawai ba fahimta. Gyaransa a raba yinin: safe don sabon darasi, bayan la'asar don gwaji da hannu kan darasin safen, dare kuma a huta. Wanda ya ci jarrabawa ta wannan hanya ya kuma sani cewa abin da aka cusa da sauri yana zubewa da sauri. Idan hirar neman aiki ta zo bayan wata uku bai sake buɗe komai ba, zai ji kamar bai taɓa karantawa ba.

Kullum kaɗan ita muka fi amincewa da ita, da sharaɗin a zaɓi lokacin da kyau. Ga mafi yawan mutane bayan sallar Asuba ya fi dare. Kai a sake yake, gida shiru, waya ba ta fara ƙara ba, kuma ko an ɗauke wuta batirin kwamfutar da aka caja da dare zai kai minti 90. Wanda tilas ya fita da sassafe saboda hanya, dabarar da ta fi ita ce ya isa ofis da wuri ya yi karatun a can kafin a fara aiki, ko ya tsaya bayan tashi har cunkoson yamma ya lafa. Sa'ar da zai ɓata a kan titin AYA zuwa Nyanya ko hanyar Kubwa ta koma ta tebur, ga wuta ga intanet. Karatun bayan Isha shi ne zaɓi na ƙarshe, domin shi ne gajiya ta fi saurin cinyewa.

Ga yadda za a iya shimfiɗa makonni 18. Na 1 zuwa 3: tushen sadarwa, adireshin IPv4, shiga na'urar Cisco da umarnan farko. Na 4 zuwa 7: VLAN, haɗin 802.1Q tsakanin suwic da suwic, STP (ƙa'idar hana saƙo yin ta zagaye tsakanin suwic), EtherChannel, sadarwa mara waya. Na 8 zuwa 11: teburin hanyoyi, hanyar da ake sa wa da hannu, OSPF, IPv6, da yadda rauta biyu ke tsaya wa juna. Na 12 da 13: NAT (sauya adireshin cikin gida zuwa na waje), DHCP (raba wa na'urori adireshi), NTP, SNMP, QoS, SSH. Na 14 da 15: tsaro, musamman ACL (jerin dokokin da ke halatta ko hana saƙo wucewa) da tsaron ƙofofin suwic. Na 16: JSON, REST, Ansible da makamantansu. Na 17 da 18: bita da jarrabawar gwaji. Ƙara mako biyu a kai waɗanda ba ka rubuta musu komai ba, saboda zazzaɓi, aikin gaggawa a ofis ko lalacewar caja. Wata biyar ke nan. Idan azumi ya faɗo a tsakiya, kada ka sa makonnin OSPF a cikinsa. Mayar da karatun bayan sahur, ka rage shi zuwa bita da abubuwan hadda, goman ƙarshe da makon Sallah kuma ka cire su daga lissafi tun farko.

Inda lokaci ke zurarewa

Rami mafi girma shi ne kallon bidiyo. Darasin bidiyo yana sa mutum ya ji ya gane, domin malamin yana yi komai yana tafiya daidai. Ranar da aka ba shi allo fari aka ce ya haɗa VLAN uku da rauta ɗaya, sai ya rasa ta ina zai fara. Ƙa'idar da ke aiki ita ce kowace sa'a ta kallo ko karatu a bi ta da sa'a ta yi da hannu, a ranar ko washegari. Akwai darussan CCNA kyauta a YouTube na Jeremy's IT Lab, masu zuwa da fayilolin gwaji da katunan bita, ga Network+ kuma akwai na Professor Messer. Zaɓi malami ɗaya ka bi shi har ƙarshe, ka riƙe littafi ɗaya na duba abin da bai fito ba. Tara manhajoji huɗu a waya yana cin data da lokaci, ba ya ƙara ilimi. Sauke bidiyon tun da dare ko a ofis, kuma kada ya gaza ingancin 720, domin ƙasa da haka rubutun umarni ba ya karantuwa.

Na biyu shi ne lissafin rarraba adireshi. Mutane suna ware masa mako ɗaya, su gane shi, su wuce. Jarrabawa kuwa sauri take nema. Idan aka ba ka 192.168.10.77/26, ya kamata cikin daƙiƙa 30 ka san cewa tsallen 64 ne, adireshin hanyar 192.168.10.64, na shela 192.168.10.127, masu amfani daga 65 zuwa 126, na'urori 62. Wannan lissafi yana ɓoye cikin tambayoyin teburin hanyoyi, ACL, OSPF da NAT, don haka wanda ke ɗaukar minti biyu a kan kowanne zai ga lokaci ya ƙare masa da sauran tambayoyi a gaba. Maganinsa minti 15 kullum tun daga mako na biyu har ranar jarrabawa, da biro da takarda, ba da na'urar lissafi ba. Haddace jerin 128, 192, 224, 240, 248, 252, 254, 255 da tsallen kowanne har ya zama kamar karatun fatiha a bakinka. Wannan aikin lokacin waya ne, yana yiwuwa a kujerar mota.

Na uku shi ne gwajin da ba a taɓa lalatawa. Bin umarni daga takarda har komai ya yi aiki rabin koyo ne. Bayan ya yi aiki, ɓata shi da gangan, ka kalli abin da na'urar za ta ce. Canza lokacin gaisuwar OSPF a rauta ɗaya daga daƙiƙa 10 zuwa 5 ka ga alaƙarta da rautar da ke maƙwabtaka da ita ta rushe, domin dole lokutan gaisuwa da na jira, 10 da 40 a bisa asali, su zo ɗaya a ɓangarorin biyu. Sa VLAN ta asali daban a bakin haɗin suwic biyu ka karanta gargaɗin da zai fito. Rubuta ACL mai hana na'ura ɗaya kawai ka ga kowa ya katse, domin a ƙarshen kowace ACL akwai hani na ɓoye da ke toshe duk abin da ba a halatta ba. Cire ip helper-address ka ga kwamfutocin wata VLAN sun kasa samun adireshi daga DHCP, saboda rauta ba ta wuce da saƙon shela. Manta no shutdown a ƙofar rauta sau biyu, ba za ka sake mantawa ba. Wanda ya ga waɗannan da idonsa yana gane su cikin daƙiƙa a jarrabawa, kuma su ne ainihin abin da za a kira shi ya gyara a wurin aiki.

Abubuwan hadda, irin su lambobin fifikon hanya (0 ga wadda ke haɗe kai tsaye, 1 ga ta hannu, 90 ga EIGRP, 110 ga OSPF, 120 ga RIP) ko 32768 na fifikon suwic a STP, a zuba su a manhajar Anki, wadda kyauta ce a wayar Android. Tana dawo maka da kati daidai lokacin da kake shirin mantawa. Amma kullum take so. Ka bar ta mako guda, katuna su taru har su ba ka tsoro.

Da me za a yi gwajin?

Packet Tracer, manhajar Cisco mai kwaikwayon suwic da rauta a allo, kyauta ce ga duk wanda ya yi rajista a Cisco Networking Academy. Ba ta da nauyi, tsohuwar kwamfuta ma tana ɗaukarta, ba ta cin batir sosai, kuma bayan ka shiga da sunanka tana aiki ba tare da intanet ba. Kwaikwayo ce, don haka akwai umarnan da ba ta sani ba, amma ta ishi kusan duk abin da CCNA ke nema. GNS3 da EVE-NG suna gudanar da ainihin manhajar na'urorin, sun fi kama da zahiri, sai dai suna son ƙwaƙwalwar kwamfuta mai yawa, gigabait 16 idan ana son sakewa, kuma sai ka nemi manhajar na'urorin ta halastacciyar hanya. Sabon shiga yana iya kashe mako biyu wajen girka su bai koyi komai na jarrabawa ba. A bar su sai an zo matakin CCNP, takardar Cisco da ke gaba da CCNA.

Sayen na'urori na gaske fa? Ana samun tsofaffin suwic Catalyst 2960 da rauta irin 1941 ko 2911 wajen masu kayan kwamfuta, a Abuja a fara dubawa a Banex da ke Wuse 2. Za ka buƙaci kebul ɗin shiga na'ura mai kan USB, da manhajar PuTTY a gudun 9600. Amfaninsu shi ne hannu ya taɓa ƙarfe: ka ga fitilar ƙofa ta sauya daga ruwan lemo zuwa kore, ka koyi dawo da kalmar sirri da aka manta, ka matse kan kebul da kanka. Illarsu ita ce ba su da batir. Aka ɗauke wuta, duk abin da ba ka adana da copy running-config startup-config ba ya tafi, ga ƙarar fanka, ga zafi a watan Maris da Afrilu. Ga mai ƙididdige lokaci da kuɗi, Packet Tracer ce ginshiƙi. Idan akwai hali, a nemi yini biyu ko uku a taɓa na'urori na gaske a ofis ko wajen wani abokin sana'a. Mai shirin Network+ ma zai amfana da Packet Tracer kaɗan, da Wireshark don ya ga yadda saƙon DNS da DHCP suke a zahiri, da umarnan ping, tracert, nslookup da ipconfig a kwamfutarsa.

Batun shiga aji kuwa gajere ne. Cibiyar horo tana sayar maka da abu biyu: tilasta zuwa a kan lokaci, da wanda za ka tambaya. Idan kana iya tashi da Asuba ka yi karatu ba wanda ya sa ka, kuɗin ajin ya fi amfani a jarrabawar gwaji mai inganci irin ta Boson da kuɗin jarrabawar kanta. Idan ka san kanka ba ka ɗorewa kai kaɗai, aji zai taimaka, amma ka tambaya kafin ka biya: wace manhaja suke bi, sa'o'i nawa ɗalibi ke yi da hannunsa, mutum nawa ke raba na'ura ɗaya, kuɗin jarrabawa yana ciki ko babu. Ka kuma sa lokacin zuwa da dawowa cikin lissafi. Ajin sa'o'i uku a Wuse ga mazaunin Lugbe ko Gwagwalada ya cinye yini. Duk cibiyar da ta yi maka alkawarin tambayoyin jarrabawa na sata, ka guje ta. Cisco da CompTIA suna soke takardar wanda aka kama da hakan, amsoshin da ke yawo da yawa kuskure ne, kuma mai hirar ɗaukar aiki yana gane mai hadda da tambaya biyu.

Yaushe za a yanka ranar jarrabawa

Masu yanka rana tun kafin su fara karatu suna cewa hakan na hana kasala. Masu jira sai sun ji sun shirya kuma sau da yawa ba sa taɓa jin hakan. Tsaka-tsaki ya fi: idan ka gama makonnin OSPF, wajen mako na 11 ko 12, ka riga ka san gudunka na gaskiya, sai ka zaɓi rana mako shida zuwa takwas a gaba. Kafin ka biya, buɗe shafin Cisco ko na CompTIA ka sauke jerin batutuwan jarrabawar na yanzu ka gwada da littafinka, domin ana sabunta su, kuma littafin da aka buga kafin shekarar 2024 bai ƙunshi ƙarin da aka yi wa CCNA ba. Ka kuma tabbatar katin bankinka zai iya biyan adadin da dala, tunda katunan naira suna da iyaka da ta bambanta daga banki zuwa banki.

Alamar shiri uku ce. Kana cin kashi 80 zuwa sama a jarrabawar gwajin da ba ka taɓa gani ba, cikin lokaci, ba tare da duba littafi ba. Maimaita wadda ka riga ka yi ba ya nuna komai sai hadda. Kana iya gina hanya mai suwic biyu, rauta uku, VLAN, OSPF, DHCP, NAT da ACL daga allo fari cikin sa'a guda. Kuma kana iya faɗin dalilin da ya sa amsoshin da ba daidai ba suka zama ba daidai ba. Jarrabawar gwajin farko a yi ta a mako na 16, don a sami lokacin toshe ɓarakar da za ta nuna.

Duka biyun ta hannun kamfanin shirya jarrabawa na Pearson VUE ake yin su, ko a cibiya ko a gida ta manhajar OnVUE. A gida ana buƙatar ɗaki da ba mai shigowa, tebur fayau, kyamara, da intanet da ba zai yanke ba na sama da sa'o'i biyu, mai sa ido yana kallonka daga nesa. Yaro ya turo ƙofa ko murya ta tashi a kusa, ana iya tsayar da jarrabawar. Ba a yarda da takarda da biro ba, sai allon rubutu na cikin kwamfuta, wanda ke rage saurin lissafin adireshi. A cibiya kuwa ana ba ka abin rubutu mai gogewa, kuma wuta da intanet nauyinsu ne. Ga mazaunin Abuja, musamman da damina lokacin da hadari ke tafiya da wuta da sabis tare, cibiya ta fi kwanciyar hankali. Shafin Pearson VUE yana nuna waɗanda ke kusa da ranakun da suke da gurbi. Zaɓi safiyar ranar da ba Litinin ba, ka je ka ga wurin tun kafin ranar, kuma sunan da ka yi rajista da shi ya zo daidai harafi da harafi da na katin shaidar da za ka nuna, fasfo ko lasisin tuƙi wanda bai ƙare ba. Bambanci irin na Muhammad da Mohammed yana iya sa a hana ka shiga.

A cikin ɗakin, dabarar lokaci ta bambanta. A Network+ tambayoyin aiki da hannu sukan zo a farko. Yi musu alama ka wuce, ka gama masu zaɓi, ka dawo musu da sauran lokacin. A CCNA ba komowa, don haka ka riƙa duban agogo: tambayar zaɓi kada ta wuce minti ɗaya, ta saita na'ura kada ta wuce minti bakwai ko takwas, kuma ka adana saitin kafin ka danna gaba. Idan ba a dace ba, Cisco tana sa a jira kwana biyar kafin a sake, CompTIA ba ta sa jira tsakanin zama na farko da na biyu amma tana sa kwana 14 kafin na uku, kuma kowane zama da kuɗinsa. Takardar sakamakon tana nuna ɓangarorin da ka yi rauni. Ware mako uku zuwa huɗu a kansu kaɗai, kana ci gaba da minti 15 na lissafin adireshi kullum, sannan ka sake yanka rana.